Sifili a Gwajin Ƙodar Tela

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya wannan ɗakin naki da rana ba ta leƙawa. Yara suna gaishe ki, babansu ma ya ce a gaishe ki.

Kada ki ce don me ban kira ba. Na kira, wayarki tana akwatin masu gadin kamfaninku kamar kullum. Gara ma da ba ki ɗauka ba, don da na ji muryarki kuka zan yi, kin kuma san ba na son a ji kukana. Shi ya sa na zauna na rubuta.

An dakatar da ni daga aiki.

Wani tela ne ya zo asibitinmu da kumburin ƙafa da kasala, likita ya turo shi lab, ɗakinmu na gwaje-gwaje, a yi masa gwajin ƙoda. Ni na karɓi jinin, ni na saka a mashin, ni na duba sakamako a kwamfuta na sa hannu. 1.8 ne ya fito. Ya ɗan haura, amma ba abin tashin hankali ba ne, likita ya rubuta masa magani ya sallame shi. Ba a je ko'ina ba aka dawo da shi ranga-ranga, yanzu haka wankin ƙoda ake masa. Da aka ciro ragowar jininsa na farko daga firiza aka sake gwadawa, sai ya ba da sha ɗaya da ɗoriya. Sha ɗaya fa, Auta! Mutumin da ya kamata a ba shi gado a ranar, da sa hannuna ya koma shago ya ci gaba da taka keke.

An kafa kwamiti. Da farko sun ce kwalba na musanya. Na ce to in musanya na yi, ina wanda ya tafi da sha ɗayan a ranar? Aka duba, babu. Sai suka koma cewa ban gwada jinin ba sam, lamba kawai na ƙaga na shigar da hannu don aiki ya yi yawa. Ni! Kin san abin da wannan yake nufi, ba aikin kaɗai zai tafi ba, har lasisina.

Na ce a tambayi mashin. Mashin ɗinmu tsoho ne, ba ya riƙe sakamako da yawa, sabo na shiga tsoho na fita, na telan ya daɗe da fita. Takardar da yake bugawa kuwa, tun da aka haɗa shi da kwamfuta aka daina sayenta. Sai aka kira mai kula da kwamfutocinmu, wanda muke ce wa Kashe-ki-kunna don bai san wani magani ba sai wannan. Ya buɗe wani shafi a ɗan akwatin da ke karɓar sakamako daga mashin, ya nuna musu wurin da ake ƙirga kuskuren da ya faru a hanya. Sifili. Tun ranar da aka kafa akwatin har yau, ko ɗaya babu. Shugaban kwamiti ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “To, Malama, na'ura dai ta wanke kanta.”

Ke ce mai cin abinci da kwamfuta a gidanmu. Ban taɓa gane abin da kike yi ba, kuma ba yau zan fara ba. Tambaya ɗaya gare ni: abin nan yana iya yin ƙarya ko ba ya iyawa? Ki amsa mini da Hausa, ba da yarenku ba.

Umma ba ta sani ba, kada ki kuskura.

Ki huta lafiya.
Yayarki


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na karanta ta sau biyu kafin na iya komawa kan aiki. Allah ya ba telan lafiya, ke kuma ya fitar da ke. Ki gaishe da yara da babansu.

Amsar tambayarki: ba ya ƙarya, amma yana iya faɗin abin da ba haka ba da zuciya ɗaya. Abin da ya tsaya mini a labarinki shi ne sifilin nan da aka nuna wa kwamiti.

Bari in bi a hankali. Ina zaton mashin ɗinku ta siriyal yake turo sakamako, wato waya mai faffaɗan kai da tsinke tara, wadda ake ɗaurewa da ƙananan noti biyu. Ba a dunƙule sakamakon yake tafiya ba. Harafi-harafi ne, kowane harafi kuma an farfasa shi zuwa bit, wato ɗaya ko sifili, suna bin waya a jere. A ƙarshen kowane harafi mashin yana ƙara bit guda na shaida, ta yadda in wani ya juye a hanya lissafin ba zai daidaita ba. A cikin akwatin akwai ɗan aisi, wato wani ƙaramin guntun lantarki, da ke karɓa. In ya ga lissafi bai daidaita ba, sai ya ɗaga alama.

Daga nan aikin irina yake farawa. Tsakanin aisin da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai 'yar manhaja da ake kira direba, irinta nake rubutawa tun da na fara aiki, duk da kin gaya wa ƙawayenki gyaran firinta nake yi. Direba ne zai ga alamar ya yanke hukunci: ko ya yar da harafin, ko ya miƙa shi sama da tambarin cewa lalatacce ne. Ko wanne ya yi, zai ƙara ɗaya a ƙidayar kuskure.

Ban taɓa ganin wayar siriyal da ta yi shekaru a ɗaki mai injina ba a samu kuskure ko ɗaya ba. A kan teburina, da waya mai tsawon kamu biyu, ina samu jefi-jefi. Sifili na shekaru ko dai mu'ujiza ce, ko kuma mai ƙirgar ba ya gani.

Ina bukatar sanin abubuwa kaɗan. Yaya tsawon wayar yake, kuma ta ina ta bi? Akwai abu mai mota a kusa da ita? Akwatin yana tura wa mashin wani abu, ko karɓa kawai yake yi? Sannan a ɗauko mini hoton rubutun da ke ƙarƙashin akwatin da na shafin da yake nunawa in an kunna shi.

Kada ki ɗora rai a kan wannan tukuna. Zato ne kawai nake yi daga nesa. Kuma ki daure kada ki yi wa kowa faɗa a asibitin kafin in amsa, na san ki.

Umma ba za ta ji daga bakina ba.

Wassalam.
Ƙanwarki


Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, in dai zaman gida ga mai lafiya ana kiransa lafiya. Na wanke labulaye, na jera kwanuka bisa tsawo, na gyara ɗakin yara har sun fara roƙon a mayar da ni aiki.

Faɗa kuwa kin makara, na riga na yi wa Kashe-ki-kunna tas a bakin ofishinsa tun kafin wasiƙarki ta iso. Amma na yi abin da kika ce. Na shiga lab da sunan na zo ɗaukar takalmina da filas. Doguwa, abokiyar aikina da muke benci ɗaya, ta tsaya a ƙofa tana jan shugaban lab da hira, ni kuwa na durƙusa ƙarƙashin benci da sabon zanina kamar mai neman ɗan kunne.

Wayar irin wadda kika faɗa ce, da notinta biyu. Tana da tsawo ƙwarai, don mashin yana wannan bango akwatin yana wancan. Ta bi ta bayan benci, ta wuce bayan firij, sannan ta bi ta bayan injin juya jini. A nan wani mai son tsafta ya haɗa ta da wayar wutar injin ya naɗe su da baƙin salatif, tsaf, gwanin kyau. Injin nan in ya tashi har cokalin shayi rawa yake a kan benci, kuma yini yake ana kunna shi ana kashewa.

Maganar turawa, e, yana turawa. Da mun shigar da sunayen marasa lafiya na gaba, akwatin yake aika wa mashin, ko da kuwa mashin yana tsakiyar fitar da sakamakon na baya. Da safe haka suke yi ba tsayawa, wannan na ba wancan. Hotuna suna haɗe da wannan wasiƙar. Ɗaya ya ɗan yi duhu.

Da zan fita na haɗu da matar telan a baranda, tana riƙe da ledar magani. Ban san ta ba, wata nas ce ta nuna mata ni da baki. Ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi har na wuce. Wallahi na gwammace ta mare ni. Na shiga mota na kasa tayarwa, na daɗe a zaune.

Jiya Umma ta zo ta same ni a gida da hantsi. Na ce hutu na ɗauka. Ta ce ai gara, na rame. Ta kuma ce in gaya miki ki riƙa cin abinci, kin ji saƙo.

Kwamiti zai sake zama nan ba da daɗewa ba. In kina da abin faɗa ki faɗa da wuri, kada ki tsaya wannan dogon nazarin naki.

Sai na ji daga gare ki.
Yayarki


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da zaman haƙuri, a gaishe da mutanen gida.

Na samo wani abu. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi guɗa.

Kamfanin da ya haɗa akwatinku ya ɗora shi ne a kan babbar manhaja irin wadda kowa yake iya karanta rubutunta, kuma sun saka nasu gyare-gyaren a fili. Na sauko da direbansu na siriyal na bi shi layi-layi.

Alamar kuskuren da na gaya miki, aisin yana ajiye ta a wani ɗan gurbi da muke kira rajista. Rajistar nan tana da hali guda: da zarar an karanta ta, alamun kuskuren da ke ciki sun goge. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce, an ɗauka wanda ya karanta ya gani kuma zai yi abin da ya dace. Matsalar ita ce a wannan rajistar dai ake duba ko hanya ta buɗe a tura harafi waje. To ɓangaren direban da ke turawa yana leƙa ta a kai a kai, ya duba abin da ya dame shi kawai, ya watsar da saura. In an yi rashin sa'a harafi ya shigo a lalace daidai lokacin, leƙen nan ya share alamar. Ɓangaren karɓa yana zuwa ya tarar da rajista fes, ya miƙa harafin sama a matsayin lafiyayye, ƙidaya kuma ta zauna a sifili. Direban asali, wanda kamfanin ya tarar kafin ya yi nasa gyaran, yana adana alamun a gefe duk lokacin da aka leƙa. Su da suka sake rubuta ɓangaren turawa don ya ƙara sauri, sun bar wannan a baya. Sannan na ga wurin da ake nuna ƙidayar ma ba a haɗa shi daidai ba, ko an kama kuskure ba zai motsa ba.

Ga abin da ya sa na ajiye biro na tashi tsaye. A yadda ake tura lambobi, tsakanin harafin 1 da harafin 0 bit ɗaya ne tak. In mashin ya turo 11.8 bit ɗin nan ya juye, abin da zai iso shi ne 01.8. Manhajar lab kuma ba ta nuna sifilin gaba. Abin da za ki gani a allo shi ne 1.8.

Ban tsaya a karatu ba. Na samo wani ɗan akwati mai irin aisin, na ɗora direbansu, na naɗe doguwar waya a jikin wayar injin huda bango da na aro wajen masu gyaran ofis. Na sa ana turo 11.8 ba tsayawa, ina kunna injin ina kashewa. Yawanci shirme ne yake fitowa in harafi ya lalace, amma na ga 01.8 da idona, kuma ƙidaya ba ta motsa ba. Gyaran bai fi 'yan layuka ba, na rubuta, na gwada, yana kama su.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Na nuna abin yana iya faruwa a ɗakinku. Ban nuna shi ne ya faru da jinin telan ba, kuma ba zan iya nunawa ba, domin shaidar ranar ita ce ainihin abin da direban ya share.

Zan rubuta wa kwamiti bayani in sa hannu, in kina so.

Wassalam.
Ƙanwarki


Autata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, 'yar albarka! Na yi guɗar, kuma tun a tsakiyar wasiƙa na yi ta, har baban yara ya fito da gudu da kumfar aski a fuska. Ashe dai ban haukace ba. Kin san na kai inda nake tambayar kaina ko da gaske na saka jinin nan a mashin? Haka suka mayar da ni.

Ki rubuta bayanin yau-yau. Amma ki saurare ni da kyau. Wannan maganar taki ta ƙarshe, ta “yana iya faruwa” da “ba zan iya nunawa ba”, ki bar ta a cikin jakarki. Ba ki san mutanen nan ba. Shugaban kwamiti neman inda zai rataya hularsa kawai yake yi, kina ba shi “wataƙila” ya gama da ni. Ki rubuta a fili: abin da ya faru da sakamakon telan ke nan, wayar ce, direban ne, ma'aikaciyar ba ta da laifi. Ki sa hannu da duk waɗannan haruffan da ke bayan sunanki.

Ba ƙarya na ce ki yi ba. Ke da kanki kin ga 01.8. Lambar dai ita ce, wayar ita ce, injin shi ne. Me ya rage? Sai bit ɗin ya zo da kansa ya yi rantsuwa?

Kuma ki tuna da wa kike magana. Ni na goya ki har bayana ya ƙage, ni na raka ki makaranta kina kuka kina riƙe mini siket. Ban taɓa roƙonki komai ba sai yau. Jimla ɗaya ce, Auta.

Ina jira.
Yayarki da ba ta da kowa a wannan maganar sai ke


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da addu'a. Ban manta da goyo ba, ban manta da siket ba.

Ba zan rubuta jimlar ba.

Na yarda da ke ɗari bisa ɗari. In aka tambaye ni a matsayin ƙanwarki, zan ce Yayata ba ta taɓa ƙaga sakamako ba kuma ba za ta yi ba. Amma kwamiti ba ƙanwarki yake tambaya ba, mai rubuta direba yake tambaya, ita kuwa ba ta nan a ranar, kuma babu abin da ya rage da za ta duba. Yarda daban, sani daban. Duk rikicin nan ya taso ne don wani abu ya miƙa harafin da bai tabbatar ba a matsayin tabbatacce. Ba zan gyara wannan a direba sannan in aikata shi da hannuna ba.

Akwai kuma dalili na biyu, ko na farkon bai gamsar da ke ba. Kamfanin akwatin zai turo injiniyansa. Tambayar farko da zai yi ita ce ta yaya na san abin da ya bi ta wayar a ranar. In na kasa amsawa, ya tsinke jimlar, sauran bayanin gaba ɗaya ya bi ta, har da abin da yake gaskiya tsantsa.

Bayanin yana haɗe da wannan. Na faɗi abin da na gani, da yadda kowa zai maimaita gwajin, da abin da ban sani ba. A ƙarshe na ba da shawara ɗaya, ita nake so ki tsaya a kai da wannan bakin naki: a ɗora gyarana, a sayo takardar mashin, a bar wayar yadda take da salatif ɗinta, a yi aiki na ɗan lokaci ana kwatanta takarda da allo. Ɗakin ya ba da shaida da kansa.

Na san kin ji haushi. Ni ma sai da na shiga banɗakin ofis na yi kuka kafin na rubuta wannan, kuma ban canza ra'ayi ba.

Wassalam.
Ƙanwarki


Yaya,

Assalamu alaikum. Shiru ya yi yawa. Na kira ba ki ɗauka ba, baban yara ya ce kina wanka, na sake kira ya ce har yanzu kina wanka. Umma ta tambaye ni ko mun yi faɗa, na ce aiki ne ya yi mana yawa.

Ba sai kin yafe mini yanzu ba. Ki gaya mini kawai ko kin miƙa bayanin, da abin da suka ce.

Allah ya sa kuna lafiya.
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na fito daga wankan.

Haushinki na ji, ba kaɗan ba, kuma ban gama ba tukuna. Amma ga labari.

Na miƙa bayaninki yadda yake, don ba ni da wani. Kamar yadda na faɗa miki, shugaban kwamiti ya tsallake shafi biyu ya sauka daidai kan “ba zan iya tabbatarwa ba”, ya karanta da ƙarfi har da gyaran murya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Injiniyan kamfanin ma ya zo, da jakarsa da turarensa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi inda zai kama ya rasa, sai ya ce shi dai zai kai wa manyansa. Likitan da ya sallami telan yana cikin zaman. Shi ne ya ɗago ya ce, “Gwajin da ta ce a yi, me zai ci mana? A yi mana.” Ina jin shi ma ba barci yake ba.

Kashe-ki-kunna ya yi ta ƙunƙuni, amma ya ɗora gyaranki a wani akwati na ajiya, aka sayo takarda. Ni ina gida, Doguwa ke ba ni labari. Tun a makon farko allo ya fara tsayawa yana nuna ja, yana cewa layi ya lalace a sake turowa. Mutanen lab suka yi caa, wai ƙanwata ta lalata musu kwamfuta, da can lafiya lau take ba ta taɓa yin haka ba. Yawanci a suna ne ko a tazara harafin yake lalacewa. Rannan kuwa, da safe ana tsakiyar cunkoso, ya kama ɗaya a cikin lamba. Gwajin suga ne na wata tsohuwa. Takarda ta ce abu ɗaya, abin da ya iso akwatin ya ce wani, kuma dukansu lambobi ne masu kama da gaskiya. Doguwa ta yage takardar ta haura sama da ita wajen kwamiti ko safar hannu ba ta cire ba.

An mayar da ni aiki. Takardar kwamiti ta ce “ba a samu hujjar da ta tabbatar da laifi ba”, ba wanda ya ce mini yi haƙuri, amma lasisina yana nan. An yanke salatif, an sauya wa wayar hanya, jan ya ragu sosai. Na koma bencina, na tarar an karya mini kujera.

Ya kamata a ce ina murna, ko? Na yi ta kwana biyu. Sai na zauna ina sa hannu a sakamako, hannuna ya tsaya. A ɗan lokacin gwajin nan kaɗai an kama da yawa, ɗaya a cikin lamba. Akwatin nan kuwa tun ƙaramin ɗana yana rarrafe aka kafa shi, ga shi yanzu yana zuwa makaranta da jaka. Duk shekarun nan wayar tana naɗe a wurin, injin yana tashi, ni ina duba allo ina sa hannu. Telan an gano nasa ne don an dawo da shi. Wanda aka kai wani asibitin fa? Wanda aka ƙara wa magani ba ya bukata, ko aka ce masa lafiyarsa lau ya tafi gida?

Tsoffin sakamakon duk suna cikin kwamfuta, ba a goge ko ɗaya ba. Ke da kika iya bin abu layi-layi, ki gaya mini yadda za a tace su a gane waɗanda suka juye. Ko duka ba su samu ba, a samu wasu. Zan nemo mutanen da ƙafata, gida-gida, ba na bukatar izinin kowa. Wannan karon ba jimla nake roƙo ba, hanya nake tambaya.

Ki ci abinci.
Yayarki


Yaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da komawarki, na yi farin ciki ƙwarai.

Na jinkirta amsa ne don ina neman hanyar. Na duba ta kowace fuska, na tambayi waɗanda suka fi ni.

Babu, Yaya. Alamar tana gogewa ne a take, ba a ajiye ta ko'ina ba. Waɗanda suka koma shirme, wani a cikinku ya gani tun a lokacin ya sake gwadawa. Waɗanda suka koma wata lambar suna nan cikin sauran, kuma ba abin da ya bambanta su da na gaskiya. Ba zan iya gaya miki ko mutum nawa ne ba, ko su wane ne, ko suna raye.

Na so a ce wata amsar gare ni.

Allah ya ba ki haƙuri. Wassalam.
Ƙanwarki